Ɗumin Bangon Inna Abu

Na ji ku jiya a bakin shagon siminti kuna dariya, wai an kira Idi magini ya duba gidan da ya yi gobara, ya je ya tsaya a waje yana kallon ƙadangaru. To na ji, ai ba kurma ba ne ni. Ku a wajenku duba gidan gobara wasa ne: a kunna fitilar waya, a leƙa, a ga inda ya yi baƙi, a ce wa mai gida ya sayo fenti. Ku gyara zama in ba ku labarin ƙadangarun nan, in na gama ku ci gaba da dariyarku.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai a Unguwar Ya na yi shi, lokacin sanyi, 'yan shekarun baya. Ɗakin Inna Abu ne, matar marigayi Baba Haladu, maigidana wanda ya koya mini gini. Ta shiga da kaskon wuta ɗaki da yamma, ta fita alwala, gefen katifa ya kama. Maƙwabta suka taru suka kashe, ba wanda ya ji ciwo. Ɗanta Sani, direba ne a Kano, shi ya bugo mini waya.

Ya ce, "Yaya Idi, yau dai Inna za ta kwana a maƙwabta, amma ta rantse gobe sai a ɗakinta. Ta ce maganar kowa ba za ta ji ba sai taka. In ka ce ta shiga, shi ke nan. In ka ce a'a, to kai ka san yadda za ka yi da ita, ni na kasa."

Kun ga ke nan an ɗora mini ran tsohuwa a kan kalma ɗaya. Kuma ɗakin ba baƙona ba ne, da ƙafata na cuɗa ƙasarsa.

Ina ɗan saurayi mahaifina ya ɗauko ni daga Basirka ya danƙa wa Baba Haladu. Kar ku ɗauka an miƙo mini cokalin gini ranar. Na daɗe aikina bai wuce ɗebo ruwa, sara ciyawa, da taka ƙasa har ƙafata ta tsattsage ba. Daga nan aka ƙara mini girma, na koma mai jefa tubali sama. In na jefa a karkace Baba ba ya faɗa, sai ya ƙi cafewa, ya bar shi ya faɗo kusa da ni. Inna Abu ce ke shafa mini man shanu a faso, ta zuba mini tuwo fiye da na 'ya'yanta, ta ce wai mai taka ƙasa cikinsa rami ne. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Ɗan Basirka.

Ɗakin nan nata shi ne abin da Baba ya fi ji da shi a duk gine-ginensa. Ɗaurin guga ne, wato baka ya taso daga kowane bango, su lanƙwaso su haɗu a tsakiya, babu ginshiƙi, babu ƙusa. A cikin kowane baka akwai azara, itacen giginya da aka tsaga, an ɗaure ta da igiya an binne ta cikin ƙasa. Ido ba ya ganinta, amma ita ke ɗauke da komai. A inda suka haɗu Baba ya manna wata tasa mai zanen fure. In ana zafin bazara ka shiga ɗakin nan sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa. Yanzu wa ke irin wannan? Ni ma rabona da ɗaura guga har na manta.

Yadda duba gobara ya zama aikin magini kuwa, ba wani ne ya naɗa mu ba. Masu kashe gobara suna da nisa da ƙauye, in ma sun iso, nasu shi ne su kashe su tafi. Tambayar da ke biyo baya, a shiga ko kar a shiga, a gyara ko a rushe, sai ta dawo kan wanda ya san abin da ke cikin bango.

Farkon wanda na bi Baba mu duba, a Yalwan Damai ne. Muka isa da sassafe, mai gidan yana ta kai-kawo yana so a shiga. Baba ya samu dutse a bayan gidan ya zauna, ya ɓare goro. Ni duk kunya ta kama ni, na ce a raina tsohon nan ya zo aiki ne ko ya zo hutawa.

Can ya ce, "Idi, me ka gani a bangon can?"

Na ce, "Ƙadangaru ne, Baba."

"Rana ta kai wurin?"

Na ce ba ta kai ba.

"To me ya tara su a inuwa da sanyin nan? Ƙadangare ba ya zama inda ba ɗumi. Je ka sa hannu."

Na je na ɗora tafin hannuna, na ce ban ji komai ba. Ya ce tafin hannun magini ai ya mutu, in juya bayan hannu. Na juya. Bangon nan da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Ashe wutar da aka kashe jiya ta bi kan azara ta shige cikin bango, tana ci a hankali ba hayaƙi ba harshe, yadda masu gawayi ke binne itace. Sai ta kwana ta wuni tana ci, sama tana nan lafiya lau a ido, ciki ya zama toka. Ranar na gane cewa wutar da ake gani ba ita ke kashe mai duba gida ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai dogon ƙarfe mai tsini na tsokanar bango da rufi daga nesa. Akwai tsohon rawani da ake jiƙawa a rufe hanci, don warin katifar soso da roba in ya shiga ƙirji sai ya yi kwanaki yana tafasa. Akwai takalmi mai kaurin ƙasa saboda ƙusa da garwashin da ke kwance ƙarƙashin toka. Sai tocila. Sauran kuwa a jiki suke: hanci, kunne, da bayan hannu. Ku da kuke zamanin lantarki kun ma fi mu buƙatar bayan hannun, don tafin hannu in ya taɓa waya mai wuta damƙe ta yake yi, ba ya saki.

Sai shekarar da ba mu ji daɗi ba. An yi wahalar mai, kowa ya koma ɓoye jarkar fetur a ɗaki, har ƙarƙashin gado. Sanyi ya shigo, aka shiga da kasko. Daga Birnin Kudu har Gwaram ba a mako ba mu ji an ce wuta ta tashi ba. Mun duba gidaje har warin ƙauri ya daina fita daga rigunanmu. A wani gida a ƙasar Gwaram Baba ya shiga duba wani soro, ni ya aike ni neman tsani. Maƙwabta, mutanen kirki ne, suka ga wani siririn hayaƙi na fita daga rufi. Suka haura ta katangar baya da bokitai suka yi ta kwara ruwa, su a ganinsu taimako suke. Ƙasar rufi ta sha ruwa ta yi nauyi, azara kuma ta riga ta ci wuta. Ina dawowa da tsani na ji ƙara. Mun tono shi da rai, amma ƙugunsa ya tafi. Bai ƙara hawa gini ba. Sauran shekarunsa a ɗakin Inna Abu ya yi su, a kwance, yana kallon rufin da ya ɗaura. In na je gaishe shi sai ya ce in ba shi labarin aiki, in na faɗi wani abu ba daidai ba ya ce, "Ashe har yanzu jefa tubali ya kamata ka tsaya."

Tun daga shekarar ba na shiga gidan gobara sai na ajiye babban mutum a ƙofa, wanda ake jin maganarsa. Aikinsa biyu: kar kowa ya biyo ni, kar kowa ya hau sama.

To mu koma Unguwar Ya. Ana idar da sallar asuba na hau babur daga Birnin Kudu, na ɗaure ƙarfena a gefe. Ban shiga ta zaure ba, na zagaya ta lungun baya, don ba a fara gidan gobara ta ƙofa. Bangon ɗakin Inna na yamma yana cikin inuwa, sanyi har yana cizon kunne. Ina ɗaga kai na gan su. Ƙadangaru sun yi jere a wuri guda, sun baje ciki, ko motsi ba sa yi. Ban ko kai ga sa hannu ba sai na jiyo muryoyi daga cikin ɗakin, muryoyin mata, har da dariya.

Kun san halin mutanenmu. In gobara ta sami mutum, washegari sai an zo jaje, kuma ba a yi wa tsohuwa jaje a tsakar gida kamar wadda ba ta da wurin zama. Tun da duku-duku matan unguwa sun zo sun kwashe tokar, sun share, sun yayyafa ruwa, sun shimfiɗa tabarmi. Wannan ta kawo zane, waccan ta kawo kwano, wata ta kawo kunu. Suka zaunar da Inna a tsakiyar ɗakinta don ranta ya yi sanyi, suka kewaye ta. Zumunci ne ya tara su a ƙarƙashin rufin da wuta ke ci.

In na yi ihu, za su yi rububin fita ta ƙofa ɗaya, wata ta bangaji bango. Sai na zagayo na tsaya a tsakar gida na yi sallama kamar ba komai.

Inna ta amsa daga ciki, "Ɗan Basirka ne? Shigo mana, ka ga abin da Allah ya yi."

Na ce, "Inna, ni da shiga cikin iyayena mata haka? Ku dai fito mini da tabarmin nan rana, ku ji ɗumi. Ni ba na iya aiki ana kallona, hannuna rawa yake."

Wata tsohuwa ta ce, "Ji shi, da furfurarsa yana kunya." Suka yi dariya, suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta tsaya neman takalmi, waccan ta koma ɗauko kwanonta. Ni kuwa idona na kan goshin ƙofa, bakina na murmushi, cikina na karanta duk addu'ar da na sani. Inna ce ta fito ƙarshe, tana dogara bango.

Na kira Malam Bala, limamin lungun, na tsayar da shi a ƙofa. Sani ya sa wa uwarsa sola, saboda haka na fara cire wayar batir, don shi batir ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke, kullum a cike yake. Akwai ƙaramar tukunyar gas a bakin ɗaki wadda ta sha zafi, na sa aka ɗauke ta a hankali aka kai bayan gari ƙarƙashin itace. Sannan na jiƙa rawani, na ɗaure hanci, na tsaya a bakin ƙofa na saurara. Rufin da zai faɗo yakan yi magana, ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan. Ban ji komai ba. Na shiga ina bin jikin bango.

Wallahi da na haska sama sai da idona ya kawo ruwa. Ɗakin nan yana nan yadda na san shi. Hayaƙi ya baƙanta shi, amma ko tsaga babu, tasar nan ta tsakiya har tana ƙyalli. Ga shatin yatsun Baba a jikin baka, inda ya shafe ƙasa da hannu. Ban taɓa son ƙadangare ya yi mini ƙarya ba sai ranar. Na ce a raina wataƙila ɗumin jiya ne bai gama hucewa ba.

Na ɗaga ƙarfe na tsokani gindin bakan gabas. Ya yi ƙara, ya tsaya, azara na nan da ƙarfinta. Na kudu ma haka. Na juya na yamma, na dafa kaɗan kawai, ƙarfen ya shige kamar cikin tuwo. Na zaro shi, bakinsa da zafi, wani siririn hayaƙi ya biyo ramin. Na gwada na arewa, shi ma ya lume. Ban ƙara taɓa komai ba. Na fito da baya da baya, ina kallon sama.

Inna na zaune a tabarma, ta zuba mini ido. Na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Yaya? Ai na gaya musu ginin maigidana ba ya faɗuwa."

Na ce, "Inna, wuta na ciki."

"Wace wuta? An kashe tun jiya, da idona na gani."

"Ta shiga azara. Baka biyu sun tafi, kuma su ke riƙe da sauran."

"To ka gyara mana. Ba kai ya koya wa ba?"

Na sunkuyar da kai. Da baka ɗaya ne, da na tokare na gwada. Amma ko da an ce a sake ɗaurawa daga tushe, da wa zan yi? Ɗaurin guga ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai mutane da dama waɗanda hannunsu ya san juna. Waɗanda muka yi da su, wasu sun rasu, wasu sun koma bulo, wasu suna tashar mota a Kano. Giginyar ma da za a tsaga an sare ta. Na gaya mata haka, ban ɓoye komai ba.

Ta ce, "To ka bar ni in kwana yau kaɗai. Gobe ka yi abin da za ka yi. Ɗakin nan don ni ya gina shi, a nan na haifi Sani, a nan na rufe masa ido. Ba a fita daga ɗaki irin wannan da buta a hannu kamar mai zuwa alwala."

Matan nan duk suka juyo suna kallona, wata har tana cewa kwana ɗaya ai ba komai. Ni da na ci tuwonta shekara da shekaru, ban taɓa ce mata a'a ba.

Na ce, "Inna, ko sallar azahar ba za ki yi a ciki ba. In kin yi fushi da ni, na ɗauka. Amma taso in nuna miki."

Na riƙe ta muka zagaya lungun baya. Ƙadangarun suka watse. Na kama hannunta na juya bayansa, na ɗora a bangon. Na ga fuskarta ta sauya. Na ɗauka tsoro ne ya kama ta, na buɗe baki zan yi mata bayanin azara.

Ta ce, "Nan ne kan gadonsa."

Na duba, haka ne. Daidai wurin ne, ta ciki, inda Baba ya yi shekarunsa a kwance.

Ta ce, "Tun da ya tafi, gefen nan bai ƙara ɗumi ba. Kullum in na kai hannu, sanyi." Ta juya hannun ta shimfiɗa tafin duka. "Ɗan Basirka, bar ni kaɗan."

A ƙa'idar aiki ba a tsayawa jikin irin wannan bango. Amma yana da kauri, kuma guga in zai faɗi ciki yake faɗawa. Na tsaya a gefenta, idona a sama, hannuna kusa da kafaɗarta. Ni ma kewar tsohon nan ta taso mini, na rasa inda zan sa fuskata. Ba ta yi kuka ba. Da ta ga dama ta ɗauke hannunta, ta goge a zane, ta ce, "Je ka yi aikinka. Amma kar ka bar wani ya fara sara, kai za ka fara."

Ni na fara. Muka kori kowa nesa, na sari bangon yamma ta waje da diga. Iska na shiga, cikin bangon ya yi jajir, garwashi tun daga gindi har inda ido ke iya kaiwa. Matar da ta ce kwana ɗaya ba komai ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa. Ba mu ma kai ga taɓa rufin ba. Kafin la'asar ya sauko da kansa, daidai inda aka shimfiɗa tabarmin jaje da safe. Da ƙasar ta huce na tono tasar, ta lotsa a gefe, na wanke na kai wa Inna.

Sani ya gina mata ɗakin bulo da rufin kwano, ya yi ƙoƙari, har da fanka. In na je gaishe ta, da zafi ta ce ɗakin na dafa ta, da sanyi ta ce yana cizonta. Goronta a cikin tasar take ajiyewa. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, amma ba ta ƙara tambayata labarin aiki ba, ni ma ba na kawowa.

To kun ji abin da nake kallo in na tsaya a bayan gidan mutane. Ku ma gininku na bulo yana da irin nasa munafuncin: ya sha wuta, a watsa masa ruwa, ya tsage ta ciki, katakon rufi ya ci rabi ya tsaya yana jiran wanda zai shigo. Ku zagaya kafin ku shiga, ku cire wuta, ku sa babba a ƙofa, ku fitar da masu jaje. Kar ku bar kunyar kowa ta sa ku ce a shiga.

Azarar bakan gabas da na kudu ba ta ci wuta ba. Na roƙi Sani, na ɗauko ta a amalanke har Birnin Kudu. Tana nan jingine a bayan ɗakina, na rufe ta da tsohon kwano saboda ruwa, har da ragowar igiyar da Baba ya ɗaure ta da ita. Za ta isa a ɗaura ƙaramin ɗaki. Ni dai gwiwata ta fara ƙin tsani, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce in nuna masa yadda ake yi. Kun dai san gidan.